Bulokcen da Goron Gwaggo

Jama'a, yau gwaggona ta ƙwace aji!

Na rako ta daga Droum zuwa wani horo a Damagaram. Mushe, wato malamin da ke koyarwa, ya ce ta hanyar wasa zai nuna mana bulokcen, wata dabarar ajiye bayani a kwamfutoci da yawa don hana maguɗi. Ya raba mana kaye, wato littattafan rubutu. Duk wanda ya cinci kacici-kacici, kowa ya rubuta sunan mutumin a kayensa. Gwaggo ta cinci ɗaya, kowa ya rubuta sunanta. Ni kuwa na goge sunan gwaggo a nawa, na sa sunana. Aka buɗe sauran kayen, duk sunan gwaggo ne a ciki, asirina ya tonu!

Gwaggo, wadda ba ta taɓa shiga lekol, wato makarantar boko, ba, ta ce, "Mushe, ai goron ɗaurin aure ne. Duk gari ya ci, wa zai ce ba a ɗaura ba?"

Mushe ya miƙa mata alli. "Hajiya, taso ki ƙarasa mana."