Sallamar da Ban Amsa Ba

Ni mutumin Gwandu ne, amma a Kalgo na koyi kafinta. Karatuna bai wuce firamare da na allo ba. Na fi shekara goma ina aiki da injin zarto mai hannu, kuma yatsuna goma suna nan lafiya. Ina alfahari da wannan. Sai dai ɗan kawuna, wanda muke shago ɗaya da shi, yatsu biyu na hannunsa na hagu babu su, kuma ni ne sanadi.

Injin na wani tsohon malamin koyar da sana'a ne, Kirista daga kudancin jiharmu, da ya yi ritaya ya zauna Kalgo. Faifan zarton yana rataye a jikin wani hannun ƙarfe a saman tebur. Za ka jingina katako da sandar da ke bayan teburin, ka danne da hagu, ka jawo zarton da dama ya ratsa katakon. Malamin ya koya mana cewa wannan zarto ba a jan sa da ƙarfi, riƙe shi ake yi, domin haƙoransa na cin katako suna tahowa wajenka da kansu. Ya ce a naɗe hannun riga, a ajiye hannun hagu nesa da layin fensir, in an gama a mayar da zarton baya, a kashe, a jira faifan ya tsaya. Ya kuma ce kada a yi wa mai yanka magana. Wannan ta ƙarshen ce na ɗauka wasa.

Ni ɗan mace ne, ɗan kawuna kuma ɗan namiji, don haka taubasai muke. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ba na raga masa. Wata Litinin na dawo daga Gwandu da hantsi, na tarar da shi yana yanka katakon rufi, ya ba ni baya. Na lallaɓa na cire masa hula, kamar yadda na saba yi masa a kasuwa da gidan biki. Ya waiwayo yana dariya. Hannunsa na dama ya saki kaɗan, zarton ya hau katakon ya taho da gudu.

Ba zan bayyana abin da na gani ba. Na ɗauke shi a babur zuwa asibiti, hularsa na cikin aljihuna.

Laifina na biyu ya fi na farko muni. Da 'yan uwa suka taru, aka ce inji ne ya ƙwace masa, ƙaddara ce. Na yi shiru. Shi ma bai ce komai ba, har ya warke ya dawo aiki yana kirana bawa kamar da. Ya rufa mini asiri, ni kuma na kwanta cikin rufin na yi shekaru.

Abin da na iya yi shi ne na ɗauki jan fenti na ja layi a ƙasa, taku uku daga injin. Na ce in zarto na juyawa ba mai tsallake layin, kuma mai yanka ba ya amsa kowa, ko wane ne. Mutane suka ce na cika iyayi. Wani dillalin katako ya daina zuwa saboda na ƙi ba shi hannu. Ban damu ba, tun da har yau ba a sake zubar da jini a shagon ba.

Sai ranar da surukina ya zo. Dattijo ne manomi a Malisa, mutum mai kiyaye girmansa, wanda ko idonsa ban taɓa kallo ba tun da na auri 'yarsa. Bai taɓa zuwa shagona ba. Ya taso takanas don in yi masa ƙofar zaure, bai aiko kowa ba, ya zo da ƙafarsa. Lokacin ina tsakiyar yanka wani kakkauran katakon maɗaci, ɗanye, irin wanda yake matse faifai. In ka tsaya a tsakiya ko ka sassauta hannu, zai cije ya yi tsalle. Ɗan kawuna ya fita kai aiki, ni kaɗai ne.

Na ji sallama. Ta gefen ido na ga farar riga da sanda, na gane shi. Jikina duka ya so in saki in durƙusa. Ya sake sallama da ƙarfi. Na ci gaba da jawo zarton a hankali, idona a kan layin fensir, gumi na shiga mini ido. Ya yi ta uku. Na ƙarasa yankan, na mayar da zarton baya, na kashe, na tsaya hannuna a kan katakon har faifan ya daina juyawa. Da na juyo babu kowa. Dattijo ya yi sallama uku ba a amsa ba, ya yi abin da aka koya masa, ya koma. Na fita da gudu, mai shayin bakin titi ya ce ai ya hau kabu-kabu.

Kafin in isa gida labari ya riga ni ta waya. Matata ta ce babanta ya ce ba shi da abin faɗi, sai dai ba zai ƙara taka inda nake ba, kuma kada in wahalar da kaina da gaisuwar Juma'a. Ta tambaye ni ko da gaske na gan shi. Na ce na gan shi. Da na ce ƙarar inji ce ta hana ni ji, da kowa ya yarda, ita ma ta ba ni wannan shawara. Amma na gaji da fakewa bayan inji.

Ranar Juma'a na tafi Malisa. Na same shi a zaure bayan an sauko, na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Na ce na zo ba da haƙuri kan ɓacin ran da na jawo masa, amma na ji sallamarsa duka uku.

"To mi ya hana ka amsawa?"

Na ba shi labarin hular, tun daga farko, abin da ko matata ba ta sani ba. Na ce tun ranar na yi alkawari tsakanina da Allah ba zan ƙara raba hankalin mai yanka ba, ko nawa ko na wani.

Sannan ya ce, "Ko kai ka ɗaga mini, ɗan nan."

"Baba, kan ne bai kamata ya motsa ba. Inda ido ya tafi, can hannu yake bi."

Ya tambaya ko kawuna ya san gaskiyar maganar yatsun. Na ce a'a. Ya ce to wannan ya fi sallamarsa nauyi, in biya ta Gwandu kafin in koma Kalgo. Na ce to. Na biya kuwa, kawuna ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ɗansa ya gaya masa tun a gadon asibiti, jira yake ya ga ranar da zan faɗa da bakina.

Surukina bai ce ya yafe ba, dattawa irinsa ba su cika faɗa ba. Amma da na tashi tafiya ran nan, ya ce in auna ƙofar tun da na zo. Ban zo da abin awo ba, sai ya miƙo mini igiyar ɗaurin akuya. Na auna tsawo da faɗi na ƙulla, yana tsaye a kaina yana cewa in bar wuri a ƙasa saboda ruwan damina. Ya ce in ta kammala in kawo da kaina, kuma in zo da 'yarsa da yara su kwana biyu.