Ranar da Na Wanke Jakar Inna

Ranar wata Alhamis, saura kwana biyu bikin yayata, a shekarar da na shiga aji huɗu, na ɗauki jakar kakata Inna Yalwa na tsoma a bokiti a bayan rijiyar gidanmu na Yakasai. Jakar jar fata ce mai tuntaye, kakanmu baduku ya ɗinka mata da hannunsa kafin ya rasu. Goro take sawa a ciki, da carbi da tandun kwalli. Maiƙon hannu ya sa ta yi baƙi, shi ne Gwaggo Asabe ta ce a gaban mata, "Inna, don Allah kar ki bi mu gidan surukai da wannan tsumman." Aka kwashe da dariya. Har yau raina na ɓaci in na tuna, matar da ko zare ba ta iya zura wa allura ita ce mai raina ɗinkin mahaifinta.

Amma fushina a kaina ya fi yawa. Jikar baduku ce ni, na tashi ina jin ana cewa fata ba ta son ruwa, ba ta son rana. Duk da haka na sa soso da sabulun salo na dirje ta, don kawai Gwaggo ta yabe ni. Ruwan ya koma ja kamar zoɓo. Na shanya ta a kan katanga na tafi wasan carafke. Kafin la'asar ta ƙanƙance, ta bushe ƙamas kamar ganda. Sai na lallaɓa na ajiye ta a gindin randa.

Inna ta ɗauka, ta juya ta, ta dubi tafin hannuna da rinin ya kama, ta kau da kai. "Tsufa ne," in ji ta, "ni na manta ta kusa da ruwa." Ina tsaye na bar tsohuwa ta ɗora wa kanta laifina. Ranar kai amarya a haɓar zane ta ƙulle goronta. Sati guda tana zama a inuwar rumfa, ta cusa tsummoki a cikin jakar don ta miƙe, tana lakato man shanu kaɗan kaɗan tana murzawa da babban yatsa. Fatar ta yi laushi, amma jan bai dawo ba, bakinta kuma ya tsage.

Yanzu jakar tana wurina. Kwanan baya jikata ta gan ni ina shafa mata mai, ta ce, "Hajiya, ki yar mana, a sayo miki sabuwa." Sabuwar roba, mai saɓulewa kafin wata ya ƙare. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na tuna ita da baki kawai ta faɗa, ni kuwa da hannuna na aikata. Inna ta rayu shekaru bayan nan, kullum ina gaishe ta, ban taɓa ce mata ni ce ba.