Allura Mai Tsoron Allura

Da na dawo gida daga karatu, annoba ta riga ni isowa, dokar kulle kuma ta tarbe ni tun daga tasha. Kullum da safe rediyo na karanta adadi: kashi kaza cikin ɗari na jama'a sun karɓi allurar rigakafi, in an kai kashi sittin za a buɗe hanyoyin da ke tsakanin garuruwa. Ni kuwa ina shakkar ko akwai wanda wannan lissafi ya dama a layinmu. A ganina mai fafutukar abin da zai ci yau ba ruwansa da kashi cikin ɗari. Ina nan da wannan tunani har ranar da zif ɗin wandona ya lalace, na leƙa tagar telan da ke ƙarshen layi, na ga kashi cikin ɗari rataye a bangonsa.

Allura ake kiransa. Tun yana koyon ɗinki sunan ya bi shi, don siriri ne, dogo, ga baki mai tsini. Shekara arba'in yana taka keke, har yara suka girma ba su san yana da wani suna ba. Matarsa kaɗai ke ce masa Malam, ita ma in ya ɓata mata rai sai ka ji ta ce, "To, Allura, soke ni ka huta."

Da aka rufe kasuwa sai ya ɗauko kekensa ya girke a ɗakin gaba na gidansa. Ta taga ake miƙo masa ɗinki, ta taga yake mayarwa. A bangon da ke fuskantar tagar ya kafa ƙusa, ya rataya tsohon tef ɗinsa na awo, ruwan ɗorawa, wanda lambobinsa suka ƙare a inci sittin. Ya juya shi yadda sittin take can sama. Kowace safiya in rediyo ya faɗi adadi, sai ya zare wata allura mai jan zare ya soke ta a kan lambar. Mai wucewa ba ya buƙatar tambaya, leƙawa kawai zai yi.

Ranar da aka fara shelar cewa allura ta iso, Allura bai huta ba.

"Allura, an ce ka iso! Yaushe ka yi tafiya ba sallama?"

"An ce a firji ake ajiye ka, gaskiya ne?"

Mai wannan tsiyar maƙwabcinsa ne, mai gyaran rediyo, wanda kowa ke kira Injiniya. Tagoginsu na kallon juna, kuma rabonsu da yarda a kan magana ɗaya an manta. Injiniya na ganin a buɗe hanya yau yau, kowa ya ji da kansa. Allura kuwa ya tsaya a kan sittin.

"Ba a yanka yadi kafin awo ya cika," in ji shi. "In ka yanka a hamsin, ka ɓata yadin, ka ɓata mai yadin."

"To mu zauna sai tef ɗinka ya ba mu izini?"

"Ku je ku miƙa damtse, tef zai ba ku."

Haka yake yi wa duk wanda ya leƙo. In aka ce, "Kai fa, Baba, ka yi?" sai ya shafa damtsensa a hankali, ya yamutsa fuska, ya ce, "Hmm, kai dai bari." Mai tambaya sai ya ce sannu, ya wuce.

Ba don kishin jama'a kaɗai Allura ke kallon tef ɗin nan ba. 'Yarsa ta fari na aure a wani gari, tafiyar awa huɗu a mota, kuma sati biyu da fara kulle ta haifi ɗa namiji, jikansa na farko. Bai taɓa ganinsa ba sai a waya, inda yaron ke fitowa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Abokina yake ce masa. Matarsa kuma ta ce mijinta ne, ta samu sabo ta huta da tsoho.

A shekara arba'in Allura bai taɓa yi wa mutum ɗinki bai auna shi da hannunsa ba. Amma motocin kaya na wucewa ko da kulle, kuma ba zai yiwu jikan tela ya sa rigar kanti ba. Sai ya kira 'yar.

"Auna min kafaɗar abokina."

"Baba, ba ni da tef."

"Kina da hannu ai. Buɗe shi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Taƙi nawa?"

"Taƙi ɗaya da yatsu biyu."

Ya shimfiɗa yadi, ya buɗe nasa hannun a kai, ya ja alli. Hannun Allura kuwa, duk sirantarsa, kamar faranti yake. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce, "Malam, taƙinta ba naka ba ne."

"Taƙi taƙi ne. Ke kin taɓa riƙe almakashi?"

Ta zo ta ɗora tafinta a kan nasa, yatsunsa suka leƙo ta sama kamar masu kallon faɗa ta katanga. Ya janye hannunsa ya ce ta je ta ji da shararta.

Riga uku ya aika cikin wata takwas. Kowace ta isa, 'yar ta ce ta yi kyau ƙwarai, amma bai taɓa ganin yaron sanye da ko ɗaya ba. In ya tambaya sai a ce tana wanki.

Allurar bango kuwa ta hau da sauri har ta wuce arba'in, sannan ta fara ja da ƙafa. Da ta kai hamsin da bakwai sai ta tsaya cak. Kwana goma sha biyu tana wuri ɗaya, har jan zaren ya yi ƙura. Injiniya ya ce ko a sa mata mai.

A cikin kwanakin nan ne 'yar ta kira da hantsi, tana murna yaro ya fara rarrafe. Ta juya wayar don kakansa ya gani. Ga abokin nasa nan yana jan ciki, sanye da shuɗiyar riga ta uku, ta zauna masa daram. Allura ya washe baki, sai kuma ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Tsaya. Wannan ba kalmasata ba ce. Wa ya taɓa hannun rigar nan?"

Ta hau gyara wa yaron wuyan riga.

"Magana nake."

"Baba, akwai wani tela nan kusa da mu. Ɗan ragewa kawai ya yi. Da har ƙasa take ja masa, in ya motsa sai ya ɓace a ciki."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Tela ba ya farke ɗinkin wani ya yi shiru. Me ya ce?"

Ta yi ƙasa da murya. "Cewa ya yi hannun mai ɗinkin da kyau. Wai in ya ƙara koyon awo, zai yi nisa."

Allura ya ajiye wayar a kan keke. Ranar ko zare bai zura ba. Ya zauna yana kallon tef, yana maimaita "zai yi nisa" kamar mai haddar karatu. Ya rantse ranar da aka buɗe hanya shi ne zai fara shiga mota, ya auna yaron nan da hannunsa, ya ɗinka masa riga a gaban wancan telan.

Washegari rediyo ya ƙara wata magana: ko an buɗe hanya, ba mai shiga motar gari zuwa gari sai ya nuna katin rigakafi. Matarsa ta shiga ɗaki ta fito da nata a cikin leda, ta ajiye kusa da almakashi.

"Ga nawa. Ina naka?"

Hannunsa ya tafi damtse da kansa.

"Malam, jiya hagu ka shafa, yau dama. Wannan ka yi wa masu leƙen taga. Ni shekara talatin da biyar nake wanke rigunanka."

Ya duba taga, ya ga ba kowa, sannan ya yi magana a hankali. Ya ce ba ciwon yake tsoro ba, allura ta soke shi sau dubu. Amma kullum a hannunsa take. Shi ya san abin da allura ke yi wa yadi in ta faɗa hannun da bai iya ba, kuma bai taɓa zama yadi ba.

Matar ta yi dariya har ta dafa keke. "To zauna. Ni zan je wajen mijina. Zan gaishe maka da telan, in ce ya ci gaba da gyara."

Da safe Allura ya sa takunkumin fuska da ya ɗinka da kansa, ya jawo hula har gira, ya bi ta bayan layi zuwa ƙaramin asibitin unguwa. An zana da'irori da farin fenti a ƙasa, kowa ya tsaya a tasa. Ya shiga ta ƙarshe. Mutumin da ke gabansa shi ma ya jawo hula har gira, kuma a aljihun bayansa akwai sukundireba.

"Injiniya?"

Mutumin ya juyo a hankali. Suka kalli juna ta saman takunkumi.

"Rakiya na yi," in ji Injiniya.

"Wa ka rako?"

"Kai wa ka rako?"

"Ba kai ka ce an yi maka tun watan jiya, har hannunka ya kama tashar waje ba?"

"Kai kuma damtsen da kake shafa mana fa?"

Ba wanda ya iya gudu, don kowa na tsaron kowa. Haka suka matsa daga da'ira zuwa da'ira, har aka kira Injiniya ya shiga ya fito yana murmushin da bai kai ido ba.

Malamar asibitin matashiya ce, sa'ar 'yarsa, ta gaji amma da fara'arta. Ta ɗauki biro. "Sannu Baba. Suna?"

Kafin ya buɗe baki, Injiniya ya amsa daga ƙofa: "Allura!"

"Na san allura ya zo yi. Suna nake tambaya."

"Shi ne sunan!"

Layi ya kwashe da dariya. Allura ya faɗi sunansa na takarda can ƙasa-ƙasa, kamar mai tona asirin wani. Ya naɗe hannun riga, ya ga ta yage leda ta fito da abar.

"'Yata, lamba nawa ce wannan?"

"Lambar me, Baba?"

"Allurar. Fatar tsoho lallausan yadi ce. Kar ki sa min mai kauri, wannan ta kaki ce."

"Siririya ce, Baba, kamar kai. Kalli can."

Bai kalli can ba. Idonsa ya sauka a kan aljihun farar rigarta, ya ga bakin ya fara zarewa. Tsoro ya ɗan matsa gefe, tela ya fito.

"Wa ya ɗinka miki wannan? Dubi, bai mayar da ɗinki a baki ba. Aljihu wurin wahala ne, hannu na shiga yana fita, dole ka je gaba ka dawo baya ka sake zuwa gaba. Wannan sati biyu ba zai yi ba, biro zai faɗi, makulli zai…"

"An gama, Baba."

"An gama me?"

Ta danna masa auduga. Ya ɗaga audugar ya leƙa, ya juya damtsen ta ko'ina.

"Ta shiga ta fita, ba zare ba komai? Wannan kuke kira aiki?"

"Saura ta biyu, bayan sati huɗu."

Ya gyaɗa kai. "Wannan kam daidai ne. Ɗinki biyu ya fi riƙo. Ki aiko da rigar a gyara."

Da ya koma gida ya zare allurar bango, ya hure ƙurar zaren, ya soke ta sama da hamsin da bakwai da kamar kaurin gashi. Injiniya ya ce daga tagarsa, "Rediyo bai faɗa ba."

"Ni na faɗa. Har da naka a ciki, ka gode min."

Labarin tela da mai gyaran rediyo ya zaga layi kafin azahar. Ashe masu shafa damtse da yawa. Ba zan ce su suka motsa adadin ƙasa ba, amma a satin nan da'irorin asibiti ba su zauna ba kowa ba. Bayan sati biyar rediyo ya ce sittin. Allura ya sauke tef daga ƙusa, ya naɗe shi ya sa a aljihun gaba tare da kati, shi da matarsa suka shiga motar farko.

Kwana huɗu suka yi. Da ya dawo an buɗe kasuwa, kekensa ya koma shago, can na same shi na karɓi wandona da ya kwana biyu a wurinsa. Ya ba ni labarin yaron tun daga haƙoransa biyu har zuwa yadda ya cire masa hula ya jefar. Sun gaisa da telan can ma, ya ce min matashi ne mai ladabi, in ya ƙara koyon kalmasa zai yi nisa.

Na ce, "To Baba, da ka auna abokin naka, inci nawa ne kafaɗar?"

Ya tsayar da keke. Ya laluba aljihun gaba, ya fito da tef ɗin a naɗe yadda ya sa shi, ya daɗe yana kallonsa.

"Ka ga," ya ce, "kwana huɗu yaron yana hannuna, ban tuna da wannan ba. Sai dai in koma."