Tabarmar Inna Laure

Duk wanda ya san Inna Laure a Ambursa ya san ta da tsintsiya. Mace ce siririya, ta ba shekara sittin baya, amma har yau ba ta iya wuce tsinke a ƙasa ba ta duƙa ba. A Argungu aka haife ta, gidan masunta, can kusa da gulbi. In ruwa ya yi kyauta, a ci kifi har a aika wa maƙwabta. In ya hana, a kwana da kunu. Sai dai ko a wane hali ake, baƙo bai taɓa ganewa ba. Bangon ɗakin uwarta ya tsage tun daga sama har ƙasa, sai uwar ta jera kwanukanta daidai kan tsagar, har mata suka riƙa zuwa kallon jeren suna yabawa. Da wannan tarbiyya Laure ta tashi, cewa rashinka naka ne, ba a nuna wa wanda ya zo daga nesa.

Aure ya kawo ta Ambursa, gidan Dikko manomin fadama. Dikko ya yi jinya shekara uku kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a shekarun nan babu maƙwabcin da ya san sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan. Da sana'ar gumi, wato turara shinkafa, ta riƙe 'ya'ya biyar. Ta sayi shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, daga manoma, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, ta kai inji a cashe. Hannunta ya saba da zafi har takan juya garwashi da yatsa tana hira.

Da mata masu gumi suka haɗa ƙungiya, su arba'in da ɗaya, ba a yi wata gardama ba wajen ba ta shugabanci. Ƙaramar hukuma ta ba su fili a bakin gari, suka kafa rumfa da tsofaffin kwanukan rufi, suka yi daɓen shanya. Shekara goma sha ta ci rumfar. In ka tsaya cikinta da rana, haske zai yi maka ɗige-ɗige a jiki kamar zabuwa. Daɓen kuwa ya farfashe, tsakuwa tana bin shinkafa har cikin buhu, masu saye suna yatsina fuska. Babbar masifar ita ce ruwan farko, domin yana zuwa ne daidai lokacin da shinkafar rani ta cika rumfa. Wata shekara buhu goma sha biyu suka jiƙe, shinkafa ta yi tsiro a cikin buhu.

Sakatariyar ƙungiyar ita ce Omolola, wadda kowa ke kira Maman Segun. Bayarabiya ce haifaffiyar Nasarawa a Birnin Kebbi, tana da shagon hatsi, kuma Hausar bakinta in kana bayan zana ba za ka ce ba jikar masunta ba ce. Ita ta ji a rediyo cewa akwai wani tallafi na gwamnati don gyaran wuraren da jama'a ke amfani da su, irin waɗanda ƙungiyoyi da ƙananan hukumomi ke kula da su: ɗakunan karatu, rumfunan sana'a, wuraren shan ruwa. Ta karɓo takarda, ta cike, ta zayyana yoyon rumfa da fashewar daɓe dalla-dalla, Inna Laure ta dangwala yatsa. Sannan Maman Segun ta tafi kudu bikin ɗiyar yayarta.

Tana can saƙo ya iso cewa ranar Talata za a aiko mutum ya duba rumfa.

Inna Laure ta tara mata, ta kama ƙugu. "Baƙo na zakuwa daga Birni, shi iske mu haka kamar waɗanda ba su da dangi? Ba ina numfashi ba."

Babu wadda ta musa, domin duk gida ɗaya suka sha tarbiyya. Kwana huɗu aka yi ana aiki kamar za a kawo amarya. Surukinta Zayyanu yana ginin gida, ya sayo sababbin kwanuka bai kafa ba, ta je ta aro su. Aka shimfiɗa su bisa tsofaffin, aka danne da duwatsu don kada ƙusa ta huda kayan mutane. Aka cike ramukan daɓe da laka, aka lailaye, aka shimfiɗa tamfol na masu hayar kujeru. Aka shafa farar ƙasa, aka aro sababbin duro shida. Rami guda ne ya gagara, wani babba a tsakiyar rumfa, sai Inna Laure ta ɗauko tabarmarta mai ja da kore, wadda ba ta fitowa sai ranar suna, ta rufe shi, ta ɗora kujerar baƙo a gefe.

Baƙon shi ne Malam Sirajo, ma'aikaci mai sanyin hali daga Gwadangaji. Ya iske mata cikin anko, rumfa tana sheƙi, ga tuwon shinkafa da miyar kifin da aka aiko takanas daga Argungu. Ya ci, ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya ce duk zagayen da ya yi bai ga wuri mai tsari irin wannan ba. Inna Laure ta yi kwana uku tana maimaita wannan yabo, har da kwaikwayon muryarsa.

Bayan wata ɗaya takarda ta zo. Maman Segun, wadda ta dawo ta iske rumfa yadda ta bar ta, ita ta karanta. An ce wurin nasu yana cikin kyakkyawan yanayi, don haka za a fara da waɗanda suka fi buƙata. Ta juya takardar gaba da baya, ta kasa ganewa, sai da aka ba ta labarin aron kwano. Ta zauna bisa buhu ta yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya cak.

"Inna," ta ce, "mun rubuta musu muna jin yunwa, sunka zo sunka iske mu muna gyatsa. Mi kike so su yi?"

"To ni ina nis sani? Baƙo dai baƙo na."

Damina ba ta yi musu sassauci ba. A cikin matan akwai Riskuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƙanana uku, jarinta duka buhu biyu ne. Ruwa guda ya cinye su. Riskuwa ta tattara ta koma yin wankau a gidajen ma'aikata a Birni. Duk safiya Inna Laure takan gan ta a bakin hanya tana jiran babur, su gaisa lafiya lau, kuma gaisuwar nan ta fi zagi yi mata ciwo. Ta san sarai tsintsiyarta ce ta share Riskuwa daga rumfa.

Da shekara ta zagayo aka sake buɗe tallafin, Maman Segun ta sake cikewa. Wannan karon ta kafa doka: ba aro, ba farar ƙasa, ba anko. Ta bi rumfa ta kwashe tsintsiyoyi ta kulle a shagonta. Inna Laure ta yarda da baki, amma safiyar ranar sai ga ta da tabarma mai ja da kore a hammata. Ta shimfiɗa ta bisa babban ramin, ta zauna, ta ɗauke kai. Maman Segun ta buɗe baki, ta dubi fuskar tsohuwar, ta fasa.

An yi ruwa jiya, rumfa duk ta yi caɓal. Malam Sirajo ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon sama ta cikin hujin kwano. Ya fito da wayarsa, ya duba hoton bara, ya sake duban rufin. Fuskarsa ta canza.

"Inna, ina sababbin kwanukan da nig gani bara?"



"Ku gahwarce ni," ya ce a hankali, "amma mun taɓa ganin inda anka kwashe kaya anka saida don a samu tallahi. In haka na, dole in rubuta, kuma sunan ƙungiyarku shi hita daga cikin masu nema."

Maman Segun ta fara bayani, ya ɗaga hannu da ladabi. Ita ba ta nan bara. Wadda ta karɓe shi yake so ya ji.

Mata arba'in suka zuba wa Inna Laure ido. Da a ce ta mutu, da a ce ta tsaya gaban baƙo ta lissafa abin da ba ta da shi, a da can da ta zaɓi na farko ba tare da dogon tunani ba. Ta ji kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa. Sai ta hango Riskuwa can baya, da ƙullin wankin mutane a ka, ta tsaya kallo kafin babur ya zo.

Inna Laure ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ɗana, kwanon ga ba namu na ba. Na surukina na, Zayyanu, aro niy yi. Suna nan bisa ɗakinai, in kana so mu tahi ka gani. Duro shida na Uwa ta bayan masallaci da ƙannenta. Tamhol na masu haya. Anko ma rabinmu aro munka yi." Ta nuna rumfar da hannu. "Ba mu da komi sai abin da kaka gani yanzu. Kunya niƙ ƙi, shi ya sa."

Ta duƙa, ta kama gefen tabarmar, ta yaye ta da hannunta. Ga ramin nan, cike da ruwan jiya, har da ɗan kwaɗo a ciki.

"Nan kaz zauna bara kac ci tuwo."

Malam Sirajo ya sake buɗe hoton bara, ya ja shi da yatsu biyu ya ƙara girma. Ga duwatsu nan jere bisa sabon rufi, babu kan ƙusa ko ɗaya. Ya yi murmushi, ya kauda kai, ya ce uwarsa ma da haka za ta yi, har ta fi. Sannan ya shiga cikin caɓalin da takalmansa masu kyau, ya ɗauki hoton kowane huji.

Da ya tafi, Inna Laure ta koma bayan rumfa ta yi kuka mai isarta. Ta ɗauka daga yau ba za ta iya haɗa ido da kowa a Ambursa ba. Abin da ya ba ta mamaki shi ne, washegari mutane suka gaishe ta kamar kullum, wasu ma har da ƙarin rusunawa.

Tallafin ya fito bayan girbi. Ba a ba su kuɗi a hannu ba, ma'aikata aka turo ta hannun ƙaramar hukuma, suka kafa sabon rufi, suka zuba daɓen siminti mai faɗi da magudanar ruwa. Mata suka yi karo-karon shanshera kwano bibbiyu suka kai wa Riskuwa, ta ajiye wankau ta dawo bakin duronta.

Ranar da Malam Sirajo zai zo duba aikin da aka gama, Maman Segun da kanta ta dawo da tsintsiyoyi. Inna Laure ta yi shara kwana uku, babu wanda ya hana ta. Aka aiko kifi daga Argungu, aka shimfiɗa tabarma mai ja da kore a tsakiyar rumfa. Da ya zo zama, sai ya tsaya, ya dube ta da wutsiyar ido, ya sa yatsa ya ɗan ɗaga gefen tabarmar. Mata suka tuntsure da dariya.

Inna Laure ba ta yi dariya ba. Idonta ya ciko, ta gyara mayafinta.

"Ɗaga ta dut, ɗana," ta ce. "Yau babu abin da niɓ ɓoye."