Malam Halilu Ya Tafi Ban Koyi Saita Madubi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Mayu 2017, ina zaune cikin murnar sunan jikata Bara'atu a Bukkuyum, aka raɗa mani cewa sanƙarau ya yi ajalin Malam Halilu. Goron da nake rabawa ya zube.

Malam, kai ka koya mani riƙe alƙalami a ajin yamma ina da shekara hamsin da tara. Kai ka kawo mana madubin hangen taurari mai ƙafa uku, ka nuna mana ramukan da ke jikin wata, ka sa na ƙirga 'yan ƙananan watanni huɗu masu kewaya tauraron Mushtari. Ranar da Makau makiyayi ya leƙa ya ga saniyarsa ƙafafu sama, ya ce, "Wanga abu maƙaryaci na!" Ka yi dariya har da hawaye, sannan ka fahimtar da shi cewa haka madubin yake juya hoto.

Sau da yawa ka ce, "Baba, taho ka koyi saiti. Da rana ake yi. Ka sa kan hasumiya a tsakiyar ƙaramin bututun da ke bisa madubin, ka sa shi a tsakiyar babba." Ni kuwa na ga ba girmana ba ne in durƙusa ina murɗa ƙarfe alhali na baya yana tsaye. Na ce, "Kai kana nan, mi nika yi da saiti?" Kai kake saitawa, ni in sunkuya in duba.

Bayan sadakar uku, matarka Tasalla ta aiko mani da madubin a akwatinsa, ta ce ka bar mani. Na kafa shi bayan magariba, wata a cike, kowa na ganinsa da ido. Na leƙa, duhu kawai. Na murɗa, na juya, har wuyana ya sage. Takardar da ke ciki Turanci ce, kuma Hausa kaɗai ka koya mani.

Azumi ya kusa. Ranar duban wata mutanen unguwa za su hau tudu kamar kowace shekara, su tsaya a bayana suna jiran layi. Ban san abin da zan ce masu ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Tasalla da marayunka, Zayyad da Hamida, haƙurin da ni har yau ban samu ba. Amin.