Injin Ban-ruwan da Ya Shaƙe

Tun da mijina Malam ya rasu zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa fadama, in dawo. Kuka kuwa ba na ɓoye shi. Abin da ya bar mini a Kalgo 'yar gonar shinkafa ce, ga iri ya tsiro yana neman ruwa, ga injin ban-ruwa ya ƙi.

Injin da hasken rana yake aiki. Jikata Balkisu, wadda ta karanci kwamfuta, ta haɗa masa wani ɗan allo kamar akwatin ashana, ta rubuta masa umarni ya riƙa tayar da kansa idan ƙasa ta bushe. Sai ya yi aiki kaɗan, ya sandare.

Wannan ne ya mayar da tunanina Gwandu, gaban murhun kakata Iya Dije. Bayan isha'i takan tura kara a wuta mu kewaye ta don jin tatsuniya, ni ina ta mutsu-mutsu.

"Ke uwar yawo, zamna!" in ji ta. "Ga ta nan tahe, in kin tashi ta wuce ki."

Wai wani masunci mai ɗan kwalekwale ya ceci aljanar ruwa, ta yi masa kyauta: duk aikin da ya ambata za a yi masa. Ya ce a tuƙa, aka tuƙa. A jefa taru, a kwashe ruwa, a yi masa fifita. Bai san kowane aiki da mai yin sa ba. Ba a ganin su, amma suna da nauyi, kuma wanda ya shigo jirgi ba ya fita. Suna kaiwa tsakiyar gulbi ruwa ya haɗiye su.

Na ce, "Iya, ashe aljanar muguwa ce."

"Ina hwa! Da babban jirgi na, ko gezau. Nashi ƙarami na, kuma bai tambayi nauyinsu ba."

Da Balkisu ta zo daga birni ta zauna gindin mangwaro da kwamfutarta, na tsaya mata a ka.

"Tsohuwa, inuwarki ta rufe mini gilashi."

"Irin shinkafar kakanki na mutuwa, ke kina danne-danne!"

Ta kamo hannuna ta zaunar da ni. Ta ce harshen kwamfutar da ta rubuta umarnin da shi yana da gajerun kalmomi masu daɗi, ka faɗi ɗaya a yi maka aiki da yawa. Babbar kwamfuta ba ta jin nauyinsu. Amma ɗan allon nan cikinsa ƙarami ne, kowace kalma tana cin wuri da lokaci, wasu ma ba sa sakin wurin, har ya shaƙe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, masu nauyin ta cire, ta rubuta aikinsu ta doguwar hanya.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar malalaci ce. Ashe kowane sauƙi akwai mai ɗauke da shi a ɓoye. Shekara da shekaru in ce shinkafa na son ruwa, in waiwaya in ga ruwa. Malam ne.

Da la'asar injin ya tashi bai tsaya ba. Irin da ke gefe ya riga ya ƙone. Na tsugunna na tura ruwan da tafin hannuna zuwa ga wanda ya saura, ina kuka.