Telar da Ta Auna Ƙarƙashin Tirela

A layin da shagonta yake, ba sai an tambayi kowa ko zafi ya shigo ba. In ka fito da safe ka ga farin yadi mai ƙananan huji a shanye a kan igiya, tun daga ƙofar mai aski har ginshiƙin rumfar mai faci, to Gwaggo Tela ta fara aikin shekara ke nan. Gidan sauro take ɗinkawa, kuma ta daɗe a kai, har yaran da aka haifa a layin suka tashi ba su san ta da wata sana'a ba.

Ba da shi ta fara ba. Da can telar kayan mata ce, kuma in za a faɗi gaskiya ba ta yi suna ba. Ɗinkinta da ƙwari, ba ya warwarewa, amma ba ta da idon yayi. Mace za ta kawo yadi tana kwatanta wuyan riga da hannu, in ta dawo sai ta tarar da rigar da za ta yi shekaru ba ta yage ba, sai dai ba irin wadda ta ce ba. 'Yan mata ba sa komowa. Tsofaffi ne ke komowa, da iyaye masu kawo kayan makaranta a rage ko a ƙara. Ita ma ta san haka, ba ta kuma ɗora wa kowa laifi.

Mijinta direban tirela ne, dogon mutum mai sanyin magana, wanda duk layin ke kira Direba, har ita ma in ba ya nan. In ya tafi sai ya yi makonni bai dawo ba. Lokacin zafi kan motar yakan koma kamar tanda, ba mai iya runtsawa a ciki, don haka shi da 'yan'uwansa direbobi sukan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota duk inda suka yada zango. Wurin da iska, kuma ba mai taka ka. Sai dai sauro ma ya san da wurin. Direba yakan dawo gida hannuwansa da wuyansa duk ƙuraje, in ta yi magana ya ce ai shi da sauro sun saba, abokan tafiya ne.

Wata shekara, bayan ruwan farko ya sauka zafi bai tafi ba, abokin aikinsa ya kawo shi gida a kwance a bayan tasi, jikinsa kamar garwashi. Aka wuce da shi asibiti. Ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba, ita kuwa tana zaune a gefen gado da autarsu a baya, tana jiƙa tsumma tana goge masa goshi. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma ya rame har wandonsa sai da ta rage masa ƙugu. Da ƙafarsa ta fara ƙwari sai ya soma zancen komawa hanya. Ba ta hana shi ba, don ta san da motar gidan ke ci. Kasuwa ta je ta sayo gidan sauro ta ajiye masa a kan jakarsa.

Ya ɗaga shi ya duba, ya yi murmushi. Ya ce na gado ne, mai kusurwa huɗu da tsawon da mutum zai miƙe a ciki, shi kuwa inda yake kwana ko zama sai ka sunkuyar da kai. A ina zai rataya shi?

Washegari da hantsi ta bar wa maƙwabciya autar, ta sa tef ɗin awo a jaka, ta kama hanyar tashar manyan motoci. Direbobi na zaune a benci wajen mai shayi suka ga mace ta nufi motar Direba, ta naɗe gyale, ta durƙusa ta shige ƙarƙashi. Hira ta tsaya. Direba ya taso da kofi a hannu, kunya ta kama shi, ya leƙa ya ce a hankali, “Tela, mutane fa na kallo.”

Ta miƙo masa bakin tef ɗin ta ce, “To su kalla. Riƙe min nan, jikin ƙarfen nan.”

Ya ajiye kofin ya riƙe. Ta auna tsawo da faɗi, ta auna daga ƙarfe zuwa ƙasa, ta lalubi inda ƙugiya za ta iya kamawa. Ta fito gwiwoyinta duk ƙura, kafaɗarta da tabon baƙin mai. Wani dattijon direba ya ce ko motar za a ɗinka wa riga, aka yi dariya, ita ma ta yi, ta gaishe su ta wuce.

Na farkon da ta ɗinka bai yi ba. Giris ɗin mota ya ɗiga a samansa ya ɓata shi, wata ƙusa kuma ta yaga gefe a tafiyar farko. Na biyu sai ta yi masa rufi da tamfol mara nauyi, ta lanƙwasa waya ta yi ƙugiyoyi, ta sa lafi mai kauri a ƙasa wanda za a tura ƙarƙashin tabarma, ta kuma maƙala ɗan aljihu a ciki don tocila. In an naɗe shi bai fi matashin kai ba. Direba ya tafi da shi, ya dawo fatarsa sumul, amma babu gidan sauron. Wai wani abokinsa ne ya fara jin zazzaɓi a hanya, ya ba shi aro, kuma hanyarsu ta rabu. Ranar ta yi fushi sosai, ta ce ita ta ɓata kwanaki tana ɗinki shi ya je yana kyauta da lafiyarsa. Ya bar ta ta gama. Ba a yi mako ba abokin ya zo shagon da kansa, shi da wasu direbobi biyu, kowa na son nasa.

Daga nan ta daina wahalar da kanta da wuyan riga. Direbobi suka kai labarinta tashoshin da ita ba ta taɓa takawa ba. Masu gadi suka zo, da masu kwana a shago, da masu jinya a asibiti. Ta yi wa jarirai ƙanana masu baka kamar kwando, ta yi na rufe abinci saboda ƙuda. Har wani mai amalanke ya taɓa zuwa yana sosa ƙeya, ya ce ƙudaje sun dami jakinsa a ido, ko za a iya yi masa wani abu. Ta ce ita ba za ta je awo ba, ya auno da igiya ya kawo. Ya auno, ta ɗinka, jakin ya yi ta yawo a gari da labule a fuska.

Shagon ɗan ƙarami ne: keken ɗinki baƙi na taka-da-ƙafa a bakin taga, teburin yanka, ƙusoshi a bango inda ƙugiyoyi ke rataye, da benci ɗaya na baƙi. Ba ta yarda a kunna maganin sauro mai hayaƙi a ciki, ta ce tari yake sa ta, kuma yadin ba ya wasa da wuta. Abin da ta fi yarda da shi, bayan gidan sauro, shi ne kada a bar ruwa ya kwanta. In aka yi ruwa da dare, da safe kafin ta buɗe shago sai ta bi layin tana kife gwangwanaye da fasassun robobi da ƙafa, tana tura shara daga bakin kwata da sanda. A nan ne suka daɗe suna takun saƙa da mai faci.

Mai faci ƙaninta ne a shekaru, Yaya yake ce mata, kuma mutumin kirki ne, sai dai yana da tarin tsofaffin tayoyi a bayan rumfarsa da ba ya so a taɓa. Kowace taya in damina ta kama sai ta riƙe ruwa a cikinta. Ta yi masa magana ya ce to, ta sake ya ce gobe. Wata safiya ta ɗebo ruwan cikin wata taya a kwalba, ta kawo ta dire a kan akwatin kayan aikinsa. 'Yan tsutsotsi na ta wutsil-wutsil a ciki. Ta ce masa ga dabbobin da yake kiwo nan, ya duba ko sun isa sayarwa. Ya ɗaga kwalbar ya duba a rana, ya ce, “Yaya, ai ni nake kawo miki ciniki. In babu su wa zai zo shagonki?”

Ta ce ta yafe wannan cinikin. Ya yi dariya, amma da yamma aka gan shi yana huda tayoyin da ƙarfe mai zafi, ya jera su ya rufe da tsohon tamfol. Bai daina tsokanarta ba, ita ma kowace damina sai ta ɗaga tamfol ɗin ta leƙa.

Shekaru suka tafi. Aka fara raba gidan sauro na kamfani a asibiti, mai magani a jiki, kuma kasuwa ta cika da irinsa. Aikinta ya ragu ƙwarai. Masu zuwa shagon sukan zagi na kamfanin don su faranta mata, ita kuwa sai ta ce su karɓa, ya fi nata, don nata tarewa kawai yake yi, wancan har kisa. Abin da ta lura shi ne girmansa ɗaya ne, ɗakunan mutane kuwa ba ɗaya ba. Wani katifarsa a ƙasa take, wani gadonsa mai hawa biyu ne, wata ɗakinta ba inda za a kafa ƙusa huɗu. Sai ta koma gyara: ta rage, ta haɗa biyu su zama ɗaya, ta mai da mai kusurwa ya zama mai rataya ɗaya, ta toshe hujin da ɓera ko farcen yaro ya yi. Abin bai kai na da ba, amma keken bai yi tsatsa ba.

Direba ya ajiye tuƙi da bayansa ya fara ciwo. Zaman gida ya gagare shi, sai ya riƙa biyo ta shago yana zama a bencin baƙi, yana ba mai aski labarin hanyoyi. A daidai lokacin ne gwiwoyinta suka fara ba ta wahala. Takan taka keken kaɗan ta tsaya tana murza su, aiki ya taru a kan tebur. Wata rana ya jawo kujera kusa da ita, ya cire takalmi, ya ce ta janye ƙafarta. Shi ya riƙa takawa, ita tana riƙe da yadi. Da farko gudu yake yi kamar ya samu miƙaƙƙen titi, zare ya tsinke, ta ce masa nan ba babbar hanya ba ce. A hankali suka daidaita, har ya zama in ta ɗan ɗaga yatsa ya san ya rage, in ta ce birki ya tsaya cak. Mai faci yakan leƙo ya tambaya ko akwai wurin fasinja.

Autarsu, wadda yanzu ta yi aure tana koyarwa a makarantar firamare, ba ta ji daɗin ganin iyayenta biyu a matse kan keke ɗaya ba. Ta sayo ɗan injin lantarki aka ɗaura wa keken. Gwaggo Tela ta ji daɗinsa, ta sa mata albarka. Direba ma ya sa albarka, amma kwana biyu ya rage magana, yana zaune a benci yana kallon titi. Autar ta lura, ta tambayi uwar ko Baba ba shi da lafiya. Uwar ta ce lafiyarsa ƙalau, aiki ne aka kore shi ba sanarwa.

Gwaggo Tela ce ta samo masa wani aikin. Mutane da yawa sukan karɓi gidan sauro su kai gida su rataya shi a karkace, ko su bar gefe a sake, sannan su dawo suna cewa sauro na shiga. Sai ta ce daga yanzu duk wanda aka yi wa aiki a unguwar, Direba zai bi shi da guduma da ƙusa da igiya ya ɗaura masa. Tsawonsa ya yi amfani, ba ya bukatar hawa kujera. In kuma aka ɗauke wuta, abin da ba ya wuya, yakan dawo kan keken da fara'arsa.

A ƙarshen zafin bana wata yarinya mai jego, wadda ita da mijinta suka tare kwanan nan a benen da ke ƙarshen layin, ta aiko a yi wa jaririnta da ita gidan sauro mai faɗi. Da aka gama, Gwaggo Tela ta ce za ta raka Direba, tana so ta ga jaririn. Suka tafi da la'asar, shi da jakar kayan aiki, ita tana dafa kafaɗarsa in sun zo tsallake kwata. Da ta ga matakalar benen sai ta ce a'a, gwiwarta ba za ta iya ba. Aka kawo mata kujera a ƙasa, ya hau shi kaɗai. Tana jin ƙarar guduma daga sama, ta ɗaga murya ta ce ya ja igiyar ɓangaren taga sosai, kada tsakiya ta zauna a fuskar yaro. Ya leƙo ta taga ya ce ya sani. Can sai mai jegon ta sauko da jaririn a naɗe cikin tawul ta ɗora mata a cinya. Ta buɗe fuskarsa ta daɗe tana kallo, ta ga jan tabo ɗaya a kumatunsa, ta shafa da yatsa. Ta ce wa uwar ta riƙa sauke gidan tun kafin rana ta faɗi, ta tura gefen ƙarƙashin katifa ko'ina, kada ta bar ko tafin hannu. Yarinyar ta ce to, Gwaggo.

Direba ya sauko yana karkaɗe ƙurar siminti daga hularsa. Ya karɓi jaririn ya ɗan yi masa wasa, ya miƙa wa uwarsa. Suka yi sallama suka kamo hanya a hankali, suka tsaya wajen mai burodi, sannan suka ƙarasa shago suka kwashe yadin da ke kan igiya, don hadari ya fara haɗowa daga gabas.